Zauren Tambaya da Amsa: Zagi ɗaya, hukunci biyu?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, kuma ina buga ƙwallon kwando. Gardama ce ta ɓarke a fadarmu kan wani tsohon bidiyo da aka turo mana ta WhatsApp, inda wani ɗan wasan jami'a baƙar fata a Amurka ya zagi abokin karawarsa farar fata da kalmar nan da ake ci wa baƙaƙen fata mutunci da ita, aka kuma ce bai fuskanci komai ba in ban da haƙurin da ya bayar. Wasunmu sun ce da Bature ne ya faɗa wa baƙar fata haka, da tuni an kore shi daga makaranta, saboda haka wannan awo ne da tiya biyu. Wasu kuma sun ce kalmar tasu ce, su aka cuta da ita, su ke da ikon faɗinta. Wane ɓangare ne ke da gaskiya?

Ɗanka, daga unguwar Birni

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Yadda ka kwatanta bidiyon, abin da ya faru ne a daren 4 ga Afrilun 2015 a birnin Indiyanafolis, bayan wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka. Jami'ar Kentaki ta shigo wannan wasa bayan ta ci wasa 38 a jere ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, sai ga Jami'ar Wiskonsin ta kayar da ita da maki 71 da 64. Da aka zaunar da 'yan wasan Kentaki gaban manema labarai, wani ɗan jarida ya tambayi ɗayansu game da Frank Kaminsky, dogon Baturen da ya fi wahalar da su a fili. Andrew Harrison, ɗan wasan Kentaki baƙar fata, wanda ba shi aka yi wa tambayar ba, ya kare bakinsa da hannu, ya yi ƙasa da murya, ya ɗura wa Kaminsky ashar ya haɗa da waccan kalma, bai lura cewa makirufon da ke gabansa a kunne yake ba. Daga baya ya ba da haƙuri a shafinsa na Twitter, ya kira Kaminsky ta waya, shi kuma Kaminsky ya shaida wa 'yan jarida cewa sun yi magana kuma a wajensa zancen ya wuce. Shekarun Harrison 20 a lokacin.

Abokanka da suka ce ba a auna mutane da tiya ɗaya, abin da idonsu ya gani gaskiya ne, kuma babu amfanin a musa masu. A shekarar 2022 wani yaro farar fata ɗan makarantar sakandare, wanda Jami'ar Fulorida ta riga ta yi wa alkawarin gurbin karatu kyauta saboda iya ƙwallon ƙafar Amurka, ya ɗauki kansa a bidiyo cikin mota yana bin wata waƙa da ke ɗauke da wannan kalma. Bai nufi kowa da ita ba, bai kuma faɗe ta cikin fushi ba, amma jami'ar ta janye alkawarinta. Wanda ya ɗora wannan kusa da labarin Harrison dole ya ga bambanci. Abin tambaya shi ne ko bambancin yana da dalili, ko kuwa son kai ne kawai.

Yana da dalili, kuma dalilin tarihi ne mai nauyi. Tun shekarar 1619 aka fara sauke 'yan Afirka da aka kamo a gaɓar Birjiniya, kuma ba a haramta bauta a duk faɗin Amurka ba sai 1865. Bayan haramtawar ma, kusan shekara ɗari jihohin kudu suka yi suna raba makaranta, da asibiti, da kujerar mota, har da famfon shan ruwa, tsakanin fari da baƙi, kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta soke wannan tsari. A duk tsawon wannan zamani, waccan kalma ita ce take fita daga bakin mai gona lokacin da ya ɗaga bulala, ita ce taron jama'a ke ihu da ita lokacin da suka rataye mutum a bishiya ba tare da shari'a ba. Kuma kada ka ɗauka filin ƙwallon kwando ya tsira daga wannan. Ita kanta Kentaki da Harrison ya sa rigarta, a shekarar 1966 ta buga wasan ƙarshe na wannan gasa da 'yan wasa farare zalla, ta kuma sha kaye da maki 72 da 65 a hannun wata jami'ar Tekzas da ta fara wasan da baƙaƙen fata biyar, abin da ba a taɓa gani a wasan ƙarshe ba kafin ranar. Sai a 1969 ƙungiyar ƙwallon kwandon Kentaki ta ɗauki baƙar fata na farko. Saboda haka idan farar fata ya jefi baƙar fata da wannan kalma, yana tuna masa matsayin da aka ajiye kakansa da ƙarfin doka da bindiga. Da Harrison ya jefi Kaminsky da ita, babu wani kakan Kaminsky da aka taɓa sayarwa a kasuwa da wannan suna. Zagi ne, amma raunin da ya yi bai kai wancan zurfi ba.

Mu mutanen wannan ƙasa ya kamata mu fi kowa saurin gane cewa nauyin magana yana tafiya da bakin da ta fito. Ka tsaya a kasuwar Dole ka ga Bafillatani ya zo sayen kaya a rumfar Babarbare. Tun kafin ya gama sallama za ka ji mai rumfa ya ce ga bawansa ya iso, shi kuma ya mayar masa cewa ya zo ne ya duba ko bawan nasa yana tsare masa dukiya da kyau, su yi dariya, a yi ciniki, wani lokaci har da ragi. Haka Zabarmawa da Abzinawa suke yi a tsakaninsu. Wannan wasan taubasai ne, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. To amma da wani baƙo da ba ya cikin wannan zumunci zai tsaya a bakin rumfar nan ya kira mai ita bawa, da sai an shiga tsakani, kuma babu mai hankalin da zai ce an yi wa baƙon rashin adalci don an hana shi abin da aka bar wa Bafillatani. Baƙaƙen fatar Amurka da yawa haka suke ɗaukar kalmar a tsakaninsu, sun sauya mata lafazi kaɗan, sun mai da ta abin kiran aboki, don su zare mata dafi.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da ɓangare na biyu na fadarku, kuma ina so ka isar masu da wannan kamar yadda na faɗa. Wasan taubasai yana da sharuɗɗan da kowane dattijo ya sani: ana yin sa da sakin fuska, wanda aka yi wa yana da damar ramawa da irin sa, kuma ba a yin sa ranar faɗa. Idan taubashi ya kira taubashinsa bawa a tsakiyar rigimar gona, idanunsa jajur, wasa ya ƙare, zagi ya fara. Harrison bai faɗi kalmar don ya kira aboki ba. Ya faɗe ta ne cikin zafin kaye, ya gabatar da ashar, ya nufi mutumin da ba zai taɓa iya mayar masa da ita ba tare da ya rasa makaranta da sana'a ba. Wanda ya ce kalmar ta zama ta zumunci, sannan ya ɗauke ta ya soki abokin gaba da ita, shi da kansa ya shaida cewa har yanzu da sauran kaifi a jikinta. Ka kuma sani cewa su kansu baƙaƙen fatar Amurka bakinsu bai zo ɗaya a kan wannan ba. A watan Yulin 2007 ƙungiyar NAACP, wadda tun 1909 take fafutukar kare haƙƙinsu, ta shirya wa kalmar jana'iza a birnin Ditroyit, da akwatin gawa da masu rakiya, don ta nuna cewa ba ta son jin ta daga bakin kowa, fari ko baƙi. Dattawan da aka kira da ita suna yara a hanyar makaranta ba su taɓa yarda cewa waƙa ta wanke ta ba.

Akwai kuma batun wurin da aka yi maganar, wanda a ganina fadarku ba ta ba shi haƙƙinsa ba. Abin da mutum zai faɗa a ɗakin sauya kaya tsakanin abokansa daban yake da abin da zai faɗa sanye da rigar jami'a, tambarinta a bayansa, kyamarori a gabansa. Masu kallon ƙwallon Ingila a cikinku za su tuna da Edinson Cavani, tsohon ɗan wasan Manchester United, wanda a 2020 ya gode wa wani abokinsa a Instagram da wata kalmar Sifaniyanci da mutanen ƙasarsu Yurugwai ke kiran na kusa da ita cikin ƙauna. Hukumar ƙwallon Ingila ta yarda cewa bai nufi wariya ba, amma duk da haka ta dakatar da shi wasa 3 ta ci shi tarar fam 100,000, domin a fili ya rubuta, gaban miliyoyin mutanen da ba su san al'adar garinsu ba. Ana iya cewa hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina ganin ya yi, amma ƙa'idar da aka gina shi a kanta daidai take. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka yi gaban makirufo ta fi kowace wuyar mayarwa, tun da ga shi bayan shekaru masu yawa ta iso har fadarku a Birni.

Hukuncina a kan Harrison shi ne ya yi laifi, laifin da ya cancanci a tsawata masa a fili kuma ya nemi gafara, kuma ya nema ta hanyar da ta dace, wato ya kira mutumin da ya zaga da kansa. Ban ga dalilin da za a kore shi ba. Yana da kyau a tuna halin da ake sa waɗannan yara a ciki. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta sayar da haƙƙin nuna wannan gasa a talabijin kan dala biliyan 10.8 na shekara 14 a yarjejeniyar 2010, alhali su 'yan wasan ba a yarda su karɓi ko sisi ta hanyar tallata sunansu ba sai a watan Yulin 2021. Yaron da bai daɗe da barin gidan iyayensa ba, ana fito da shi daga fili gumi bai bushe ba, a zaunar da shi gaban duniya a ce ya yi magana kamar jakada. Wannan ba ya wanke shi, amma yana cikin abin da mai adalci zai ɗora a kan ma'auni.

Idan kuwa tiya biyu kuke nema wadda ta cancanci fushinku, ga ta. A 2013 aka ɗauki Riley Cooper, farar fata ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Philadelphia Eagles, a bidiyo yana faɗin wannan kalma cikin fushi da barazana a wani wurin kiɗa, bayan saɓani da wani mai gadi baƙar fata. Ƙungiyar ta ci shi tara, ya yi 'yan kwanaki ba ya zuwa atisaye, ya dawo ya buga kakar wasa mai kyau, kuma a farkon 2014 aka ba shi sabon kwantiragi na shekara 5. Ka kwatanta shi da yaron Fulorida, wanda fatarsu ɗaya, laifinsa bai kai rabin na Cooper ba, amma shi ne ya rasa gurbinsa. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya riga ya zama mai kawo wa ƙungiya nasara da kuɗi, ɗayan kuwa ana iya maye gurbinsa gobe da safe. Sau da yawa hukumomin nan ba zafin kalmar suke aunawa ba, asarar da za su yi idan sun hukunta mai ita suke lissafawa, kuma wannan shi ne rashin adalcin da ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce kuma uwa. 'Ya'yana maza biyu sun ɗauko wannan kalma daga waƙoƙin da suke ji a waya, da ita suke kiran juna da abokansu. Da na hana su sai suka ce ai dukanmu baƙaƙe ne, babu wanda aka zaga. Na rasa amsar da zan ba su.

'Yar'uwarka, daga Sabon Gari

Amsa

Malama, Allah ya raya su ya shirya mana su baki ɗaya. Hanin da kika yi daidai ne. Waɗanda suka mai da wannan kalma abin kiran juna, sun yi haka ne bayan sun sha azabarta a jikinsu, kamar yadda marubuta baƙaƙen fata Aimé Césaire da Léopold Sédar Senghor da abokansu suka yi a Paris cikin shekarun 1930, da suka ɗauki kalmar da Faransawa ke wulaƙanta baƙar fata da ita suka gina tafiyar alfahari da baƙar fata a kanta. Su sun san abin da suke juyawa. 'Ya'yanki kuwa sun ari sautin ne kawai, ba su san abin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma ranar da ɗayansu zai rubuta ta a intanet ko ya faɗe ta a wata ƙasa da ya je karatu, babu wanda zai tsaya ya tambaye shi niyyarsa. Ki zaunar da su ki ba su tarihin da na kawo a amsar da ta gabata, domin saurayi ya fi saurin barin abin da ya gane muninsa a kan abin da aka hana shi da tsawa. Ki kuma tuna masu aya ta 11 ta Suratul Hujurat, inda Allah ya hana muminai jifan juna da miyagun laƙabobi. Hausa ba ta rasa abin kiran aboki ba, ga ɗan'uwa, ga aboki, ga mutumina.

Tambaya

Malam, ina horar da yara ƙwallon ƙafa a unguwarmu. A wani wasa da muka yi da wata unguwa, ɗan wasana da ya fi kowa cin ƙwallo ya kira wani yaro ɗan bayi a gaban jama'a, yaron ya bar fili yana hawaye. Na ce zan dakatar da shi, sai manyan unguwa suka ce zafin wasa ne, in bar maganar, ga wasa mai muhimmanci na tafe. Abin da ya ba ni mamaki, shi wannan yaro nawa kullum hoton Vinícius, ɗan ƙwallon nan baƙar fata na Brazil, ne a wayarsa, yana la'antar masu yi masa ihun biri. Me ya kamata in yi?

Mai horarwa, daga Zango

Amsa

Ɗan'uwa, ka dakatar da shi, kuma ka yi haka kafin wasan nan mai muhimmanci, domin idan ka jira sai bayansa, ka koya wa sauran yaran cewa mai cin ƙwallo yana da lasisin cin mutunci. Wasiƙarka ce ta fi taɓa ni cikin ukun nan, saboda ta dawo da zancen gida. Laifi tudu ne, muna taka namu muna hango na Turawa. Da aka yi wa Vinícius ihun wariya a filin Balensiya a watan Mayun 2023, duk fadojin garin nan sun yi tir, kuma da kotun Sifaniya ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata 8 a 2024 mun ce ta yi daidai. Amma kalmar da yaronka ya faɗa, a ƙasarmu tana da nauyin da ya yi kusa da na waccan kalma a Amurka, domin ita ma bayanta akwai mutanen da aka saya aka sayar, kuma jikokinsu suna nan tare da mu, muna sahu ɗaya a masallaci.

Wannan ba tsohon labari ba ne da za a ce ya shuɗe. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan doguwar fafutukar ƙungiyoyi irin su Timidria. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Kai ma ka san yadda ake yi idan maganar aure ta taso. Saurayi yana da ilimi da sana'a da hali, an sha shayi an yi raha da waliyyansa, sai bayan sun fita wata tsohuwa ta gyara zama ta rage murya ta ce a dai binciki asali, daga nan maganar ta mutu ba tare da an faɗa wa yaron dalili ba. Haka ake yi wa 'ya'yan maƙera da na mahauta a wasu gidaje, haka yaron da ya ce daga unguwar Kara-Kara ta nan Damagaram yake zai ga fuskar mai ɗaukar aiki ta sauya. Yaronka bai ƙirƙiri wannan zagi a filin ƙwallo ba, a gida ko a zaure ya ji shi daga bakin babba, shi ya sa manyan unguwa ba su ga girmansa ba.

Ka tunatar da su hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim. Ya yi sa'insa da wani mutum ya aibata shi da mahaifiyarsa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa lalle shi mutum ne da ke da sauran jahiliyya a tare da shi. Babban sahabi ne, kuma cikin fushi ya faɗa, amma ba a karɓar masa uzurin zafin rai ba. Shi kuma ya ɗauki gyaran har ƙarshen rayuwarsa, domin daga baya an gan shi sanye da tufa iri ɗaya da ta mai yi masa hidima.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka kira yaron shi kaɗai tukuna, ba gaban abokansa ba, ka tambaye shi me ya raba abin da ya faɗa da ihun da ake yi wa Vinícius, ka bar shi ya nemi amsar da kansa. Sannan ka sanar da shi adadin wasannin da zai zauna a benci, wasa biyu ko uku sun isa ga laifin farko, ka kuma sanar da dukan ƙungiyar cewa wannan shi ne hukuncin duk wanda ya sake zagin wani da asali ko ƙabila ko sana'ar gidansu, ko shi ne kyaftin ko mai ɗaukar ruwa. Bayan haka ka ɗauke shi da mahaifinsa ko yayansa ku taka har gidan su yaron da aka zaga, ya ba shi haƙuri a gaban iyayensa, tun da a gaban mutane ya kunyata shi. Idan ya yi wannan da zuciya ɗaya, ka mayar da shi fili ranar da wa'adinsa ya cika, kada kuma ka bari wani ya riƙa goranta masa.